Yadda ake gina jimla cikin Ingilishi

1. Harshe na uku

Yaron gundumar Tasawa ko ta Mayahi da ke aji mai harsuna biyu yana fara karatu da Hausa, harshen da ya sha a nono. Bayan ya iya karatu da rubutu cikinsa, sai Faransanci ya shigo sannu a hankali. Wannan tsari ya soma a Nijar a shekarar 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram. In yaro ya gama firamare ya shiga kwaleji, sai ya tarar da harshe na uku yana jiransa tun ajin farko. Harshen nan shi ne Ingilishi.

Ingilishi ba baƙo ba ne a jihar Maraɗi. Tasawa tsohuwar ƙasar Katsina ce. Da Turawa suka zo, Faransa ta riƙe arewa, Ingila ta riƙe kudu, sojojinta suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Iyaka ta raba Hausawa gida biyu. Na Nijar suka koyi Faransanci a makaranta, na Najeriya suka koyi Ingilishi, wanda a can suke kira Turanci. Amma dangi da ciniki ba su yanke ba. Magani, da takin zamani, da sabulu, da sauran kayan da ke shigowa daga Kano da Katsina, yawancinsu da Ingilishi aka yi rubutun jikinsu. A watan Maris na 2025 kuma, sabon kundin dokar ƙasar Nijar ya sanya Hausa harshen ƙasa, ya sanya Ingilishi da Faransanci harsunan aiki.

2. Asalin Ingilishi

Ingilishi harshen mutanen Ingila ne. Kakanninsu sun ƙetaro teku daga ƙasashen da ake kira Jamus da Danmak a yau, cikin ƙarni na 5. A shekarar 1066 mayaƙa daga arewacin Faransa suka ci Ingila, Faransanci ya zama harshen fada na tsawon zamani. Shi ya sa dubban kalmomin Faransanci suka shige cikin Ingilishi. Kalmomin « table », da « village », da « animal », da « question », rubutunsu ɗaya ne a harsunan biyu, ma'anarsu ɗaya, lafazi kaɗai ya bambanta.

Hausa ma ta ari kalmomi daga Ingilishi, kamar mota, da bokiti, da asibiti, da likita. Saboda haka ɗalibi ba da hannu wofi yake shiga ajin Ingilishi ba. Yana da guzuri daga Hausa, yana da guzuri daga Faransanci.

3. Duwatsun murhu uku

Jimla jerin kalmomi ce mai ba da cikakkiyar ma'ana. Kamar yadda tukunya ke zama bisa duwatsun murhu uku, haka jimla mai sauƙi ke zama bisa abu uku. Na farko shi ne aikau, wato wanda ya yi aikin. Na biyu shi ne aikatau, wato kalmar da ke faɗin aikin. Na uku shi ne karɓau, wato wanda aikin ya faɗa kansa.

Manomi ya saida akuya.
Le paysan a vendu une chèvre.
The farmer sold a goat.

A duk harsunan uku jerin ɗaya ne: aikau a gaba, aikatau a tsakiya, karɓau a baya. Wannan babban sauƙi ne, domin ba kowane harshe ne ke bin wannan jeri ba. A Larabci aikatau kan zo a farkon jimla, a Barbarci kuwa a ƙarshe yake zuwa.

Mazaunin kalma shi ke nuna aikinta. In an sauya mazauni, ma'ana ta sauya.

The dog bit the boy. Kare ya ciji yaro.
The boy bit the dog. Yaro ya ciji kare.

Kalmomin ba su sake ba, amma labarin ya juye. Akwai kuma aikatau wanda ba ya bukatar karɓau. A nan kalmomi biyu sun isa riƙe jimla.

The guest came. Baƙo ya zo.

4. Ina « ya » da « ta » suka tafi?

A Hausa ba a cewa « manomi saida akuya ». Dole a sa « ya » tsakanin suna da aikatau. In mace ce a sa « ta », in suna da yawa a sa « sun ». Ingilishi ba ya yin haka. In an ambaci suna, aikatau ke biye masa kai tsaye. Sabon ɗalibi yakan rubuta « The farmer he sold a goat », domin kunnensa ya saba da « ya ». Wannan kuskure ne. Ko dai a ce « The farmer sold a goat », ko a ce « He sold a goat ». Ba a haɗa su biyun.

Ga wakilan suna na Ingilishi:

I: ni
you: kai, ke, ku
he: shi
she: ita
it: shi ko ita, ga dabba da abu
we: mu
they: su

Abu biyu ne abin lura. Na ɗaya, Hausa tana bambanta kai da ke da ku, amma Ingilishi kalma guda gare shi, « you », ko da sarki ake magana ko da jariri. Na biyu, Hausa tana raba dukkan sunaye gida biyu, namiji da tamata. Rana tamata ce, wata namiji ne. Faransanci ma yana rabawa, sai dai rabonsa daban: « le soleil » namiji, « la lune » tamata. Ingilishi ya hutar da ɗalibi daga wannan wahala. Rana, da wata, da rijiya, da rumbu, duk « it » ake ce musu. « He » da « she » na mutane ne, da dabbar da aka san jinsinta aka kuma shaƙu da ita.

5. Ƙananan kalmomi masu rakiyar suna

In Bahaushe ya ce « wata akuya », ba a san ko wace ba. In ya ce « akuyar », to an riga an san ta. Ingilishi yana yin wannan aiki da ƙananan kalmomi uku da ke zuwa gaban suna.

a goat: wata akuya, ko akuya guda
an egg: ƙwai guda
the goat: akuyar da aka sani

Ana sa « a » gaban kalmar da ta fara da sautin baƙi, ana sa « an » gaban wadda ta fara da sautin wasali. « The » kuwa ba ta sakewa. Inda Faransanci ke da « le », da « la », da « les », Ingilishi « the » kaɗai gare shi. Abin da ba a ƙirgawa ɗaya ɗaya, kamar ruwa da hatsi da madara, ba a sa masa « a ». Ana cewa « water », « millet », « milk ».

6. Tilo da jam'i

Jam'in Hausa hanyoyinsa da yawa: gida, gidaje, rijiya, rijiyoyi, akuya, awaki, raƙumi, raƙuma. A Ingilishi galibi harafin « s » ake ƙarawa a ƙarshe.

well, wells: rijiya, rijiyoyi
goat, goats: akuya, awaki
camel, camels: raƙumi, raƙuma

A Faransanci ana rubuta wannan « s » amma galibi ba a faɗarta. A Ingilishi dole a faɗe ta, in ba haka ba mai saurare zai ɗauka abu guda ake nufi. Mai sayen awaki goma da ya haɗiye « s » ya bar mai saidawa cikin shakka.

Akwai ƴan sunaye masu taurin kai, waɗanda sai an hardace su:

man, men: namiji, maza
woman, women: mace, mata
child, children: yaro, yara
foot, feet: ƙafa, ƙafafu
sheep, sheep: tunkiya, tumaki

7. Sifa da mallaka

Sifa ita ce kalmar da ke faɗin kamannin abu. A Hausa tana bin jinsi da adadi: farin doki, farar akuya, fararen awaki. Tana iya zuwa gaba, tana iya zuwa baya, a ce « doki fari ». A Faransanci galibi baya take zuwa: « un cheval blanc », « une chèvre blanche ». A Ingilishi gaban suna take zama, kuma ba ta sake riga.

a white horse: farin doki
a white goat: farar akuya
white goats: fararen awaki

Ba a ƙara wa sifa « s », ko da abin ya kai ɗari. Jar akuyar Maraɗi, wadda aka san fatarta har ƙasashen waje, « red goat » ce in guda ce, « red goats » in garke ne.

Wajen mallaka kuwa, Ingilishi yakan juya jerin Hausa. Hausa tana fara ambatar abin, sannan mai shi. Ingilishi yakan fara da mai abin, ya maƙala masa ƴar alama da « s ».

gonar Baba: Father's farm
tabarmar Inna: Mother's mat

8. Jimla ba ta tsayuwa ba aikatau

Bahaushe yana cewa « Ni ɗalibi ne », « Rijiyar mai zurfi ce », ba tare da aikatau ba. « Ne » da « ce » sun wadatar. Ingilishi ba ya yarda da haka. Yana da aikatau na musamman, « be », wanda ke yin aikin « être » na Faransanci. Kamanninsa uku ne a lokacin yanzu.

I am a pupil. Ni ɗalibi ne.
The well is deep. Rijiyar tana da zurfi.
They are traders. Su fatake ne.

« Am » na « I » ne kaɗai. « Is » na mutum guda ko abu guda ne. « Are » na « you », da « we », da « they » ne. Wanda ya rubuta « The well deep » ya gina ɗaki bai yi masa rufi ba.

9. Lokatan aiki

A nan ne babban bambanci yake. A Hausa aikatau ba ya motsi, ƴar kalmar da ke gabansa ce ke nuna lokaci: ya shuka, yana shuka, zai shuka, yakan shuka. A Ingilishi aikatau kansa ne ke sakewa, ko kuwa a kawo masa mataimaki.

Aikin da aka saba yi:
They plant millet every year. Sukan shuka hatsi kowace shekara.
He plants millet every year. Yakan shuka hatsi kowace shekara.

A lura da « s » da ke ƙarshen « plants ». Ba ta jam'i ba ce. Ana ƙara ta ne in aikau « he » ne, ko « she », ko « it », ko sunan mutum guda. Ita ce harafin da ɗalibai suka fi mantawa.

Aikin da ake cikin yi:
She is weaving a mat. Tana saƙa tabarma.

A nan ana haɗa « am », ko « is », ko « are » da aikatau mai « ing » a ƙarshe. Wannan ya yi daidai da « ina », « tana », « suna » na Hausa. Faransanci ba ya bambanta shi da na sama: « elle tisse » na iya zama takan saƙa, na iya zama tana saƙa. To, a nan Hausa ta fi Faransanci kusa da Ingilishi. Ɗalibin da ya tuna da Hausarsa ba zai ruɗe ba.

Aikin da ya wuce:
He planted beans yesterday. Ya shuka wake jiya.

Galibi « ed » ake ƙarawa. Amma aikatau da aka fi amfani da su kullum suna da tasu hanya: « go » ya zama « went », « buy » ya zama « bought », « sell » ya zama « sold », « eat » ya zama « ate », « come » ya zama « came ». Waɗannan sai harda, biyar yau, biyar gobe.

Aikin da ke tafe:
We will harvest in October. Za mu yi girbi a watan Oktoba.

« Will » tana yin aikin « za », ba ta kuma sakewa ko wane ne aikau.

10. Korewa

Hausa tana kore magana da kalmomi biyu, ɗaya gaba, ɗaya baya: « bai zo ba ». Faransanci ma haka: « il n'est pas venu ». Ingilishi kalma guda gare shi, « not ». In jimla tana da « am », « is », « are » ko « will », sai a sa « not » a bayansu.

The water is not clean. Ruwan ba shi da tsabta.
We will not go. Ba za mu tafi ba.

In babu ɗaya daga cikinsu, sai a kira mataimaki: « do », ko « does », ko « did ». Mataimakin ne ke ɗaukar nauyin lokaci, aikatau ya koma yadda yake tun asali.

He sells goats. He does not sell goats.
He sold a goat. He did not sell a goat.

Ba a cewa « He did not sold », domin ba a ɗora kaya ɗaya bisa jakai biyu.

Kalmar « not » ƙarama ce, amma rai na iya rataya a kanta. A jikin kwalbar magani ana iya rubuta « Do not give to children », wato kada a ba yara. A jikin gwangwanin maganin ƙwarin wake ana iya rubuta « Do not store near food », wato kada a ajiye kusa da abinci. Wanda ya karanta da gaggawa ya tsallake haruffan nan uku, ya fahimci akasin abin da aka faɗa. A gida da yawa ɗan makaranta ne ake miƙa wa kwalba ya karanta. Ya kamata idonsa ya fara neman « not », da gajerun kamanninta irin su « don't ». In bai gane rubutun sarai ba, ya faɗi gaskiya, a tafi wurin ma'aikacin lafiya ko malamin gona.

11. Tambaya

A Hausa jerin kalmomi ba ya sakewa in za a yi tambayar da amsarta i ko a'a. Murya ce ke tashi, ko a ƙara « shin » ko « ko ». A Ingilishi mataimaki ne ke tsallakowa gaban aikau.

The market is far. Kasuwa tana da nisa.
Is the market far? Kasuwa tana da nisa?
You sell mats. Kana saida tabarmi.
Do you sell mats? Kana saida tabarmi?

Kalmomin tambaya a farkon jimla suke zama:

who: wa
what: me
where: ina
when: yaushe
why: don me
how much: nawa, ga kuɗi da abin da ba a ƙirgawa
how many: nawa, ga abin da ake ƙirgawa

Where do you live? Ina kake zaune?
I live in Mayahi. Ina zaune a Mayahi.
How much is a bag of millet? Nawa ne buhun hatsi?
How many bags do you want? Buhu nawa kake so?

12. Tarkuna wajen rubutu da karatu

Ingilishi yana da haruffa 26, irin na Faransanci. Ba shi da ɓ, da ɗ, da ƙ, da ƴ. Jimla tana farawa da babban harafi, ta ƙare da aya. Kalmar « I » kullum da babban harafi ake rubuta ta, ko a tsakiyar jimla. Haka ma sunayen ranaku, da na watanni, da na harsuna: « Monday », « August », « Hausa ». A Faransanci ƙaramin harafi ake sa musu.

Hausa yadda aka rubuta haka ake karantawa. Ingilishi ba haka yake ba. A kalmar « knife », wato wuƙa, ba a faɗar « k ». A kalmar « write », wato rubuta, ba a faɗar « w ». Saboda haka kowace sabuwar kalma sai an koyi abu uku game da ita: rubutunta, da lafazinta, da ma'anarta.

Akwai kuma kalmomi masu kama da na Faransanci amma ma'anarsu daban. « Pain » burodi ne a Faransanci, ciwo ne a Ingilishi. « Coin » kusurwa ce a Faransanci, ƙwandala ce a Ingilishi. Kama da wane ba ta wane.

Abin tunawa

Jerin jimla: aikau, aikatau, karɓau.
Ba a haɗa suna da wakilinsa wuri guda.
Kowace jimla tana da aikatau.
Sifa tana gaban suna, ba ta sakewa.
Bayan « do », « does », « did » da « will », aikatau yana komawa asalinsa.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka buɗe makarantar gwaji ta farko, kuma a wane gari?
2. Don me kalmomin Faransanci suka yi yawa cikin Ingilishi?
3. Waɗanne kalmomin Hausa uku ne « you » ke wakilta?
4. A wane wuri ne Hausa ta fi Faransanci kusa da Ingilishi?
5. Mene ne haɗarin tsallake kalmar « not »?

Aiki

A gyara waɗannan jimloli:
The girl she is weaving a mat.
My brother sell beans.
We did not went to Tessaoua.
The goats red are in the house.

A juya waɗannan zuwa Faransanci, sannan zuwa Ingilishi:
Inna tana daka hatsi.
Fatake sun sayi tabarmi.
Yara ba za su je rijiya ba.

Kowane ɗalibi ya nemo fankon kwali ko ledar kaya mai rubutun Ingilishi daga gida. Ya kwafi jimla guda a littafinsa, ya ja layi ƙarƙashin aikatau, ya kawo aji a karanta tare da malam. Matambayi ba ya ɓata.